Ƙashin dainoso ne ko dutse ne kawai? Ga yadda ake ganewa

Abu na farko da nake so ka cire daga ranka shine maganar siffa. Mutum zai tsinci wani dogon dutse mai ɗan kumburi a kai sai yace ai wannan ƙashin cinya ne, ko ya ga wani mulmulalle yace ƙwan dainoso ya samu, wato dabbobin nan na zamanin da can da suka ƙare a duniya, alhali ruwa da iska da yashi babu irin siffar da basa sassaƙawa a jikin dutse in suka samu lokaci. Siffa tana yaudara sosai. Ciki ake dubawa.

Dalilin kuwa yana cikin yadda ƙashin ke komawa dutse tun asali. Dabbar ta mutu, laka ko yashi suka binne ta da wuri kafin masu cin mushe su watsa ta, sai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riƙa ratsa ƙashin a hankali yana ɗauke da ma'adinai irin su silika da kalsait da ƙarfe, yana ajiye su a cikin ƴan ramukan da ada jini da ɓargo ke zaune, haka dai har miliyoyin shekaru. To kaga nauyi ya zama na dutse, tauri ya zama na dutse, amma ginin ƙashin yana nan yadda yake. Wannan ginin shi zaka nema, duk sauran gwaje-gwajen taimako ne kawai.

Saboda haka ka nemi gefen da ya riga ya karye, kar ka fasa da kanka don Allah. Ka goge ƙurar da burushi mai laushi, ka ɗan jiƙa wurin da ruwa, ka fita cikin hasken rana ka duba da gilashin nan mai ƙara girman abu, mai ninkawa sau 10 ya isa. In ƙashi ne zaka ga sassa biyu. Akwai ɓawo a waje, mai santsi, a matse, kuma in ka juya shi a haske zaka ga wasu sirara-siraran layuka suna bin tsawonsa duk hanya ɗaya, wani lokacin har da ƴan huji ƙanana inda jijiyoyin jini suke shiga. Sannan daga ciki sai abin ya buɗe ya zama kamar soso, ramuka birjik da ƴan zare-zare na ƙashi a tsakaninsu suna haɗe da juna, kuma sau da yawa ramukan sun cike da wani abu mai launi daban, kace an zuba fari a cikin baƙi ko ja a cikin ruwan ƙasa. In ka taɓa ganin busasshen ƙashin babbar dabba da ya tsage ka kalli cikinsa, to shine sak, sai dai wannan ya daskare. Ni a wajena ganin ɓawo da soso tare a guntu ɗaya ya fi duk wani gwaji ƙarfi. Dutse kuwa cikinsa da wajensa kusan duk ɗaya ne, ko ƙwayoyin yashi a manne, ko ƴan ƙyalƙyali a warwatse ba tsari.

Amma fa a kula, dainoso masu cin nama irin dangin Tiranosoros da yawan ƙasusuwansu rami ne a tsakiya kamar na tsuntsu, to a nan zaka ga ɓawon ya zagaye kamar bututu, tsakiyar kuma laka ce ta cika ta ta zama dutse.

Akwai abubuwa uku da suka fi ruɗa mutane. Itacen da ya zama dutse yana da layuka shima, amma nasa layukan sun fi kauri da tsawo, yana tsagewa kamar itacen wuta, kuma in ka dubi bakin karayar wani lokacin zaka ga zobe-zobe na shekaru maimakon soso. Sai dutsen da ya fito daga aman wuta, wanda yake cike da ramuka, amma ramukansa kumfa ne, kewayayyu, wasu manya wasu ƙanana, kowanne zaman kansa yake, kuma babu ɓawo. Na ukun shine wanda ake cewa ƙwai, wato ma'adinai ne suka taru a kan wani ɗan abu suka yi ta lulluɓe shi har ya zama ƙwallo, wani har da tsage-tsage a jiki kamar ɓawon ƙwai ya fashe. Ƙwan dainoso na gaske ɓawonsa siriri ne, ƴan milimita kaɗan, kaurinsa kusan ɗaya ko'ina, da ƴan ƙuraje ko huji a samansa. In ɓawon naka ya kai kaurin yatsa to ba ƙwai bane.

Launi kam kar ka ɓata lokacinka a kai, akwai baƙi akwai ja akwai fari, ya danganta da ma'adinan wurin.

Sai gwajin harshe da zaka ji ana ta faɗa. Gaskiya ne masu binciken tsofaffin ƙasusuwa suna yi, suna ɗan taɓa guntun da harshe, in ƙashi ne ramukan sai su zuƙe danshin ya ɗan kama. Amma ni shawarata ka jiƙa yatsa ka danna na ɗan lokaci ka ɗaga, zaka ji yana ɗan riƙewa. Dalilina shine wasu ƙasusuwan sun sha yuraniyom daga ƙasa, wato wani ma'adini mai cutar da jiki, kamar da yawan waɗanda ake samu a duwatsun Morrison a yammacin Amurka, ba abin sawa a baki bane. Kuma gwajin ba hujja bace ita kaɗai, alli da busasshen yumɓu suma suna kamawa, sannan ƙashin da silika ta toshe shi gaba ɗaya ba zai kama ba ko kaɗan.

To ka tabbatar ƙashi ne, saura ka san tsoho ne ko na saniyar da ta mutu shekaru biyar baya. Ɗaga shi. Wanda ya zama dutse yakan fi girmansa nauyi, sabo kuwa sakayau yake. Ka ƙwanƙwasa shi a hankali da ƙarfe, tsohon zai yi ƙara kamar tangaran, sabon sai kaji wani ɗif. Wasu suna zafafa allura su ɗora a gefe, in warin ƙonannen gashi ya tashi to akwai sauran sinadarin kolajin a ciki, wanda ake samu a sabon ƙashi, ba na zamanin dainoso bane.

Yanzu inda mutane suka fi yin sakaci, wato wurin da aka samu abin. Dainoso sun rayu daga wajen shekaru miliyan 230 zuwa miliyan 66 da suka wuce, kuma ƙasusuwansu suna cikin duwatsun da suka samu daga taruwar yashi da laka ne, masu hawa-hawa kamar an jera tabarmi, ba cikin giranit ba, wato dutsen nan mai tauri da ya samu daga narkakken dutse. In taswirar duwatsu ta nuna wurin bai kai waɗancan shekarun ba ko ya wuce su, to ko ƙashi ne ba na dainoso bane. Shi yasa wurare kaɗan ne suka yi suna, Hell Creek a Montana ta Amurka, hamadar Gobi a Mongoliya, Kem Kem a Maroko, da Gadufawa a hamadar Tenere ta Nijar inda aka haƙo dainoson nan Nijasoros mai haƙora sama da 500, wanda masani Paul Sereno ya raɗa wa suna a 1999. Kuma ko a can ɗin ba komai ne dainoso ba, a Gadufawa ɗin dai aka samu ƙaton kadan nan Sarkosukus. Sulken bayan kada zaka gan shi da ramuka a sama kamar an dangwala yatsa a laka, ɓawon kififiya kuma falle-falle ne. Wannan matakin yana da wuya ko ga masana, a 1677 Robert Plot a Ingila ya zana ƙarshen wani ƙashin cinya, ya gane ƙashi ne sarai, amma ya ɗauka na wani basamuden mutum ne, don kalmar dainoso ma sai a 1842 Richard Owen ya ƙirƙiro ta.

In ka ga guntu ɗaya a gindin tudu ko cikin kwazazzabo, ɗaga kai ka bi inda ya gangaro, haka wata mai neman tsofaffin ƙasusuwa, Sue Hendrickson, tayi a Dakota ta Kudu ta Amurka a 1990, ta ga gutsattsari a ƙasa ta dubi sama, sai ga ƙasusuwan Tiranosoros ɗin nan da yanzu ke gidan tarihi na Field a Shikago suna leƙowa daga jikin dutsen. Amma in ka same shi a manne, kar ka tono, kar ka ja. Ƙashin da ya kwana miliyoyin shekaru a ƙasa yana iya marmashewa a hannunka, kuma yadda yake kwance da irin dutsen da ke kewaye da shi rabin bayanin kenan, in ka cire shi ka tafi da shi wannan ilimin ya salwanta. Doka ma tana nan, Mongoliya ta hana fitar da su daga ƙasar, a Amurka kuma ba a ɗauka a filin gwamnatin tarayya sai da izini. Ka ɗauki hoto ta ko'ina da wayarka, ka ajiye rula ko biro a gefe don a ga girma, ka matso ka ɗauki bakin karayar da kyau, ka ɗauki wurin daga nesa, ka adana lambobin GPS, sannan ka tura wa gidan tarihi ko sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa da kai.