Yadda Ake Haɗa Kalmomin Turanci Wajen Bayyana Abin da ke Zuciya

Kowane Bahaushe ya san ana cewa fari fat da baƙi ƙirin, kuma duk wanda ya ce fari ƙirin sai an yi masa dariya, ko da an fahimci nufinsa. Turanci ma haka yake, domin kalmomin da ke bayyana murna da ɓacin rai suna da abokan tafiyarsu, saboda haka ya kamata ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO ya haddace su bibbiyu, ba ɗai-ɗai ba.

A fara da rage dogaro da very, wadda ɗalibanmu ke liƙa wa kowace kalma. Wanda burinsa ya rushe ana cewa bitterly disappointed, wanda wani labari ya ratsa zuciyarsa kuwa deeply moved. Kalmomin da ma'anarsu ta riga ta kai maƙura, irin su thrilled da furious, sun fi dacewa da absolutely.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bambancin excited da exciting. Idan Kano Pillars ta zura ƙwallo ana dab da tashi a filin wasa na Ƙofar Mata, wasan shi ne exciting, su kuwa 'yan kallon da suka miƙe suna kirarin "Sai Masu Gida" su ne excited. Na taɓa jin wani ɗalibi ya ce I am boring yana nufin zaman aji ya gundure shi, alhali abin da ya faɗa shi ne shi kansa ke gundurar mutane. Bored ya kamata ya ce.

A kula da ƙananan kalmomin da ke biyo baya: excited about, proud of, sai angry with ga mutum, angry about ga al'amari. Fashewa da kuka ita ce burst into tears, amma tuntsurewa da dariya burst out laughing ce. Haka nan "ji" ɗinmu, wanda ya haɗa sauraro da yunwa da daɗi, ba ya tafiya da hear sai a kan sauti, sauran kuwa feel ne.

A ware ɗan littafin rubutu, duk haɗin da aka tsinta a jarida ko rediyo a rubuta shi cikin cikakkiyar jimla game da abin da ya faru da mutum a ranar, sannan a karanta ta da ƙarfi har kunne ya saba.