Ajiye maciji mai dafi a gida: abin da ya kamata ka tanada kafin ka kawo shi

Mutumin Daura ba sai an gaya masa abin da maciji ɗaya ke iya yi wa gari ba. Rijiyar Kusugu tana nan, kuma kowane yaro ya san labarin Sarki, macijin da ya hana jama'a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Gardawa ma mun saba ganinsu a kasuwa da macizai cikin akwati. Sabon abu shi ne samarin da ke kallon bidiyon Amurkawa a YouTube da TikTok suna ajiye macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya, wanda Turawa ke kira rattlesnake, cikin akwatin gilashi, har sha'awa ta kama su suna tambayar yadda ake samunsa. Shawararmu ita ce kada ka kawo shi Katsina, kuma dalilin ba tsoro ba ne, magani ne.

Wannan maciji ɗan nahiyar Amurka ne, daga kudancin Kanada har Ajantina, babu shi a dajin Afirka ko ɗaya. Maganin dafin maciji kuwa ba ɗaya ba ne ga kowane sara. Ana yi wa doki ko tunkiya allurar dafin wasu macizai kaɗan-kaɗan, a tace abin da jininsu ya samar, don haka yana aiki ne a kan macizan da aka yi shi dominsu da danginsu na kusa. Maganin dafi mai suna EchiTAb-G na kububuwa ne kaɗai. EchiTAb-Plus, wanda ake haɗawa a Kosta Rika, ya haɗa kububuwa da kasa da gamsheƙa mai tofi. Babu ɗayansu da zai tare dafin mai kacau-kacau. Nasa maganin, irin su CroFab ko Anavip, a Amurka ake ajiye shi, kwalba ɗaya kuma ta dubban daloli ce, ga shi allurar farko ta CroFab kwalba 4 zuwa 6 ce, sau da yawa kuma sai an ƙara. A Amurka mutum 7,000 zuwa 8,000 ne maciji mai dafi ke sara a shekara, amma waɗanda ke mutuwa ba su cika wuce biyar ba, saboda magani na kusa. Wanda aka sara a Ƙofar Ƙaura ba shi da wannan gata. Ko asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe, wanda ya fi ko'ina ƙwarewa a Arewa, macizan ƙasarmu aka shirya shi dominsu.

Saboda haka tsarin aiki ga duk mai son ajiye maciji mai dafi, na waje ne ko na gida, yana farawa ne daga asibiti. Je ka ga likita tun maciji bai zo ba. Ka faɗa masa sunan macijin na kimiyya, ka tambayi wane magani ke aiki a kansa, ina ake samunsa, kwalba nawa ake buƙata. In na ruwa ne, sai an ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, wanda ke nufin wutar sola ko janareto da ba ya yankewa, kuma yana da ranar lalacewa, sai ka riƙa sabuntawa ko ba a yi sara ba. In ba ka iya wannan ba, maganar ta ƙare a nan. Sai batun hukuma: shigo da dabba mai rai daga waje yana buƙatar takardar hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, NAQS. A jihar Fulorida ta Amurka ba a ba mutum lasisin ajiye maciji mai dafi sai ya nuna ya yi awa 1,000 yana koyon aikin a hannun ƙwararre. Ko ba wanda ya tilasta maka a nan, ka ɗauki wannan a matsayin ma'auni.

Ɗaki kafin akwati

Ɗakin maciji shi ne akwati na biyu, watau in ya kuɓuce daga na farko, nan zai tsaya. Ba ɗakin kwana ba, ba shagon zaure da yara ke shiga ba. A toshe ƙasan ƙofa da roba ta yadda ko fensir ba zai wuce ba, a toshe rariya da ramin wayar lantarki da tsagar silin. Makunnin fitila ya kasance a waje, a kuma yanka ƙaramar taga ta gilashi a jikin ƙofa, domin ka ga daɓen ɗaki kaf kafin ka sa ƙafa. Kada a bar buhu, tabarma ko kwali a ƙasa. Sanda mai ƙugiya guda ɗaya tana rataye a waje kusa da ƙofa kullum. A jikin ƙofar a rubuta da Hausa da Turanci cewa akwai maciji mai dafi, da sunansa da adadinsa da lambar wayar likita.

Akwatin kansa, ga maciji mai tsawon mita 1.2, ya kai santimita 150 a tsawo, 60 a faɗi, 60 a tsayi. Filawud mai kaurin milimita 18 da aka shafe da fenti mai hana ruwa, gaba kuma gilashi mai milimita 6 da makulli. Wuri biyu kafinta ke yin kuskure. Na farko, tazarar da ke tsakanin gilasai biyu masu zamewa: babban maciji ba ya wucewa, amma jariri yana bi. Na biyu, ragar shan iska. Raga ɗaya ba ta isa, domin fiƙa tana huda ta ta sami yatsan da aka ɗora a kai. A sa raga biyu da tazarar santimita 3 a tsakaninsu.

Abin da ya fi komai rage haɗari shi ne ɗan akwatin ɓuya mai ƙofar zamewa da ake rufewa daga waje da sanda. Maciji yana son wuri mai duhu da matsi, zai shiga da kansa. Ya shiga, ka rufe, ka sa sakata, sannan ka buɗe babban akwati ka yi shara ka canza ruwa. Da wannan dabara ana iya shekara ba a ɗaga maciji ko sau ɗaya ba.

Zafin Katsina kuma matsala ce ta kanta. Maciji ba ya gumi, jikinsa yana bin zafin wurin da yake. Mai kacau-kacau yana son ɓangare ɗaya na akwati ya kai digiri 30 zuwa 32, ɗayan ya tsaya wajen 24. A watan Afrilu da Mayu zafin gari yana haura 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka, in an ɗauke wuta da rana awa kaɗan sun isa su kashe shi. Kafin ya mutu zai yi ta dukan gilashi da tura ƙofa yana neman mafita, lokacin ne kuma ake kuɓucewa. Da hunturu sai akasin haka: dare ya yi sanyi, ya kasa narkar da abinci, ya amayar. Ma'aunin zafi biyu, ɗaya a kowane gefe, dole ne.

Hannu ba ya shiga

Kayan aiki kaɗan ne: ƙugiya biyu masu tsawon mita ɗaya, dogon hantsaki na santimita 60 don ba da abinci, da babban bokitin roba mai murfin da ke kullewa. Maciji yana kai sara nisan da ya kai sulusi zuwa rabin tsawonsa, wani lokaci fiye, don haka ƙugiyar da ta gaza tsawo ba ta da amfani. Safar hannu ta fata ba kariya ba ce, fiƙa tana huda ta. Matsi mai kama da almakashi da wasu ke damƙar maciji da shi yana karya haƙarƙari, macijin da ya ji zafi kuma ya fi saurin sara. In gamsheƙa ce, sai an ƙara gilashin da ke rufe ido gaba ɗaya, domin tana tofa dafi nisan mita 2 kuma ido take nufa.

Kada ka dogara da ƙarar wutsiya. Ba kullum yake kaɗawa kafin ya sara ba, kacau-kacau ɗin yana karyewa, jariri kuwa da ɗan maɓalli ɗaya ake haihuwarsa, ba ya ƙara ko kaɗan. Tsakanin idonsa da hancinsa akwai rami mai jin ɗumin jiki, shi ya sa ko a duhu ba ya kuskuren hannu. Kuma ba ya sabo da mai shi. Shekara goma kana ba shi abinci, hannunka da ɓera ɗaya ne a wurinsa.

Ba a buɗe akwati sai da mutum na biyu a wurin, mai mota ko babur a shirye. Ba a buɗewa da gajiya, ko da fushi, ko bayan shan maganin mura mai sa barci, ko da la'asar sakaliya a watan azumi.

Babba yana cin ɓera ɗaya duk kwana 10 zuwa 14, wanda kaurinsa bai wuce tsakiyar jikin macijin ba. A ba shi matacce, domin ɓera mai rai yana iya cizonsa ya yi masa rauni. Ɓeran gida ko na rumbu ba ya yi, wataƙila ya ci shinkafar ɓera. Bayan ya ci a ƙyale shi kwana biyu. In idonsa ya yi fari-fari, saɓa zai yi, ba ya gani sosai, komai ya motsa sai ya kai masa sara. Wajen shara a yi amfani da cokali mai dogon hannu, saboda yana zubar da tsofaffin fiƙoƙi a cikin kashinsa da shimfiɗarsa. A jiƙa busasshen dafin da ke jikin gilashi kafin a goge. Shaƙar ƙurarsa shekara da shekaru tana sa jiki ya riƙa yi wa dafin bori, watau alaji, ranar da aka yi sara kuma numfashi ya toshe cikin mintuna.

Cire haƙori da wasu masu wasa da maciji ke yi ba mafita ba ne. Akwai wasu fiƙoƙi a jere a baya, cikin makonni sabo ya maye gurbi, bakin kuma yakan ruɓe. Macen mai kacau-kacau kuwa tana iya zuwa da ciki ba ka sani ba, ko ta riƙe maniyyin namiji fiye da shekara. 'Ya'ya take haihuwa, ba ƙwai ba, wata safiya sai ka tarar da goma ko fiye, kowanne da dafinsa.

In an yi sara

Mutum na biyu ya rufe akwati, in bai yiwu ba ya kulle ɗaki. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a ɗaure hannun da katako sako-sako don kada ya motsa, a wuce asibiti nan take. A zana iyakar kumburi da biro a rubuta lokaci, a maimaita duk minti 15 zuwa 30. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurin igiya, ba ƙanƙara, baƙin dutse kuma ba ya zuƙe dafi. Ɗauri mai ƙarfi yana tare dafin wuri ɗaya ya kashe nama, shi ke kai mutum ga yanke hannu. Kada a sha asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa. A asibiti za a zuba jini kamar mililita 2 a sabuwar kwalbar gilashi a jira minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga jini. Bayan sallama a koma gwaji, domin matsalar daskarewar jini tana iya dawowa bayan kwanaki. In kuma an kashe macijin, kada a taɓa kan da hannu ko an sare shi. Yana iya sara bayan awa ɗaya ko fiye.

Saura haƙƙin jama'a. A unguwannin cikin birni katanga ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci, rariya kuma ɗaya. Iyalinka da maƙwabta da mai unguwa suna da haƙƙin sani tun kafin ka kawo shi, kuma in ya sari ɗan wani, kai za a nema a gaban alƙali. Wannan maciji yana kai shekara 20 a akwati, don haka ka rubuta sunan wanda zai karɓe shi in ka yi tafiya, ko ka kwanta ciwo, ko ka rasu, shi ma ya sa hannu ya yarda. Sakinsa a daji ba hanya ba ce: manomi ko makiyayin da zai taka shi za a kai shi asibitin da ba a san irin saran ba.