Wace manhajar taswira ta dace da direban Maraɗi?

Abin da ya kamata ka fara tambaya game da kowace manhajar nuna hanya shi ne: idan rezo ya ɗauke, za ta ci gaba da aiki? A cikin garin Maraɗi wannan ba damuwa ba ce. Amma wanda ya kama hanyar Dakwaro ko ya ratse daga Cadawa zuwa Mayahi ya san akwai wuraren da Airtel da Moov da Zamani duk suke yin shiru.

Mutane da yawa suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. GPS, wato siginar da waya ke gane inda kake da ita, daga tauraron ɗan'adam yake zuwa kai tsaye, ba ya cin kuɗi, ba ya neman SIM, sararin sama kawai yake so ya gani. Abin da ke cin intanet shi ne taswirar kanta, da binciken suna, da lissafin hanya. Idan taswirar tana ajiye cikin wayar, ɗigon da ke nuna inda kake zai ci gaba da tafiya ko kana tsakiyar daji.

Google Maps ta fi sauran sanin wurare: otal, gidan mai, asibiti, banki, tashar mota. Tana yarda a sauke yanki a ajiye. Taɓa hotonka a saman allo, ka shiga "Plans hors connexion" idan wayar da Faransanci take, ka ja murabba'in ya rufe inda za ka. Daga Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne, don haka ka sauke yanki-yanki, gefen kowane yana hawa kan na kusa da shi, kada a samu giɓi tsakanin Madawa da Ƙonni. Idan babu intanet, hanyar mota kaɗai za ta ba ka, ba labarin cunkoso. Taswirar da aka sauke tana tsufa, ka sabunta ta kafin doguwar tafiya. Ƙaramar ƙanwarta Maps Go, wadda ke zuwa cikin wasu wayoyi masu ƙaramin ƙarfi, ba ta ajiye taswira, kada ka dogara da ita.

Organic Maps da OsmAnd kuwa da taswirar OpenStreetMap suke aiki, wadda masu sa kai suke zanawa tun 2004. An gina su ne don inda babu rezo: ka sauke taswirar Nijar sau ɗaya, bincike da lissafin hanya duk a cikin wayar za su gudana. Organic Maps kyauta ce, ba talla, kuma wanda bai saba ba zai gane ta cikin yini ɗaya. OsmAnd tana da wuyar sha'ani da farko, maɓallanta sun yi yawa, ta kyautar kuma taswira 7 kawai take bari a sauke. Amma tana yin abu biyu masu daraja ga mai shiga ƙauyuka: ana iya ce mata ta kauce wa hanyar da ba kwalta, kuma tana rubuta sawun duk inda ka bi. Mai kai taki ko mai ɗauko gujiya da wake daga kasuwar ƙauye, ya bi ɗan gari sau ɗaya yana ɗaukar sawu, gobe shi kaɗai zai koma ba tare da tambaya ba.

Waze, wadda Google ta saya a 2013, ƙarfinta rahoton direbobi ne: haɗari, cunkoso, hanyar da aka rufe. Tana son intanet koyaushe, tana kuma son taron masu amfani da ita a hanya guda. A hanyoyinmu duka biyun ba su da tabbas, shi ya sa muke ajiye ta a ƙarshe.

Shawararmu dai ka riƙe biyu: Google Maps don cikin gari da neman wuri, sai ɗaya daga cikin masu OpenStreetMap don bayan gari. Tushen taswirarsu daban ne, saboda haka idan sun yi saɓani a kan wata hanya, alama ce ka tsaya ka tambayi mutane.

Kafin ka amince da kowace, gwada ta a hanyar da ka sani kamar yunwar cikinka. Sauke taswirar da wifi ko da forfen dare, sa wayar a yanayin jirgin sama, ka bar GPS a kunne, sannan ka nemi hanya daga babbar kasuwa zuwa Tibiri, da kuma zuwa gidan wani ɗan'uwa a unguwar Ali Ɗan Tsoho ko unguwar Zariya. Lura da abu uku: ta samo wurin? Ta bi da kai inda direban kirki zai bi, ko ta cusa ka lungun yashi? Idan ka wuce kwana da gangan, daƙiƙa nawa take yi kafin ta sake lissafi? Wadda ta kasa sake lissafi ba rezo, ba ta tafiya ba ce.

Rubutun suna shi ne ya fi kayar da mutane. Taswirorin nan da rubutun Faransanci suka san garuruwanmu. Tasawa ita ce Tessaoua, Cadawa Tchadoua, Gidan Rumji Guidan Roumdji, Madarunfa Madarounfa. Inda Hausa ke sa "u" ko "w" ka gwada "ou", inda take sa "c" ka gwada "tch", "j" kuma "dj". Sannan ka duba nisan da aka nuna kafin ka tayar da mota. Akwai Tibirin Gobir nan bakin Maraɗi, akwai wani Tibiri can jihar Dosso. Idan ka ga ɗaruruwan kilomita, ba naka ba ne. Ƙauyuka masu suna Sabon Gari da Gidan wane kuwa ba su ƙirguwa. Tunda yawancin gidaje ba su da adireshin da taswira ta sani, ka ce wanda za ka wurinsa ya fito ƙofar gida ya turo maka wurin da yake ta WhatsApp, kai kuma ka ajiye shi da suna tun kana da rezo. Idan daga cikin ɗakin kwano ya turo, ɗigon na iya kaucewa zuwa wani layi.

Akwai abin da babu manhajar da ta sani. Ba ta san Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa a watan Agusta ba, ba ta san ƙoramar da ta yanke hanya daren jiya ba, ba ta san zurfin yashin da zai riƙe ƙaramar mota ba. Aikinta neman hanya mafi sauri, shi ya sa wani lokaci za ta ce ka bar kwalta don rage ƴan kilomita. Da damina ko da dare kada ka karɓi wannan tayin. Ba ta kuma san halin tsaro ba, musamman ƙauyukan da ke kusa da iyaka ta wajen Madarunfa da Gidan Rumji. Wannan labarin a tasha ake samunsa, wurin direbobin da suka shigo da safe. Lokacin isowar da take nunawa ma bai haɗa da peyaj (wurin biyan kuɗin hanya), da shingen jami'an tsaro, da ranar kasuwar da ta cika titi ba, sai ka ƙara da naka lissafin.

Mai zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya ya sauke taswirar wancan ɓangaren tun yana gida. Da ka tsallaka, layinka zai koma kan kamfanin Najeriya, kuɗin intanet ya canza ko ya tsaya ɗungurungum.

Sau da yawa laifin da ake ɗora wa manhaja na waya ne. A Tecno da Infinix da Itel, tsarin tanadin batir yana kashe manhajar da ke aiki a bayan fage, sai murya ta yi shiru ko ɗigo ya daskare. Shiga saitin batir ka cire wa manhajar takunkumi, ka kuma ba ta izinin sanin ainihin wuri, ba na kusa-kusa ba. Idan kibiya tana kallon inda ba nan ka dosa ba, riƙe wayar ka zana lamba 8 a iska sau uku ko huɗu. Caja ta mota ta kai amfiya 2, in ba haka ba allo da GPS za su ci wuta fiye da yadda take shiga. Zafin Afrilu da Mayu kuma, da ke wuce digiri 40, kada ka manna wayar a gilashin gaba: za ta rage haske, ta daina caji, wani lokaci ta mutu. Cire mata riga, ka maƙala ta a bakin iskar na'urar sanyi ko wani wuri mai inuwa da ido ke kaiwa ba sai ka sunkuya ba. Ka saita inda za ka tun mota tana tsaye, ka ɗaga murya. Idan dole a sauya hanya ana cikin tafiya, yaron mota ko na kusa da kai ya taɓa, in kuwa kai kaɗai ne, ka sauka gefen titi tukuna.