Yadda Ma'aikaci Zai Gane Ko Ragowar Hutunsa na Shekara Zai Tsallaka Ko Zai Ƙone

Ma'aikata da yawa ba sa waiwayar kwanakin hutunsu sai shekara ta zo ƙarshe, lokacin da aiki ya yi yawa kuma kowa yake neman a sake shi a mako guda. A nan ne mutum yake fara tambaya ko kwanakin da suka rage masa za su bi shi zuwa sabuwar shekara, ko kuwa sun tafi ke nan. Amsar tana rubuce a wurare biyu, wato dokar ƙasar da ake aiki a cikinta da takardar ɗaukar aiki, kuma ya kamata a karanta su tun da sauran watanni a gaba.

Abu na farko shi ne sanin ranar da shekarar hutu take ƙarewa, domin ba ko'ina ba ne take bin kalanda. A wasu wuraren daga Janairu zuwa Disamba ake lissafi, a wasu ana bin shekarar kasafin kuɗi, a wasu kuma ana ƙirgawa daga ranar da mutum ya kama aiki.

Daga nan sai a duba doka, saboda ita ce ke shata iyakar da mai ɗaukar aiki ba zai sauko ƙasa da ita ba. Yarjejeniya mai lamba 132 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1970, ta tanadi aƙalla makonni uku na hutu da albashi, ta kuma ce a ci makonni biyu a jere cikin shekara ɗaya, ragowar kuma cikin watanni 18, daga ƙarshen shekarar da aka cancanci hutun. Sai dai tana aiki ne kawai a ƙasashen da suka rattaba mata hannu, shi ya sa bambancin yake da faɗi. A Jamus, ragowar hutu yana tsallakawa ne idan akwai dalili na aiki ko na ma'aikacin, kuma a ka'ida sai an ci shi kafin ƙarshen watan Maris. A Birtaniya, mai aikin kwana biyar a mako yana da kwana 28, kuma ana iya tsallakar da takwas daga ciki idan akwai yarjejeniya. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba da aƙalla kwana shida na aiki bayan watanni 12, ta kuma yarda a jinkirta hutun bisa amincewar ɓangarorin biyu, muddin ba a wuce watanni 24 ba. A Amurka kuwa dokar tarayya ba ta tilasta ba da hutu da albashi ba ko kaɗan, amma jihar Kalifoniya tana ɗaukar hutun da aka tara tamkar albashi ne, don haka ba ya ƙonewa.

Bayan doka sai takardar ɗaukar aiki, da kundin ƙa'idojin ma'aikata, da yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago idan akwai ta, kuma a nan ne ya fi dacewa a natsu. Wani wurin yana ƙona duk abin da ba a ci ba, wani yana barin wasu kwanaki su tsallaka tare da wa'adi, wani kuma yana sa iyaka ga abin da za a tara, ta yadda idan mutum ya kai iyakar, sababbin kwanaki ba za su ƙara shiga masa ba har sai ya rage na hannunsa. Wannan na ƙarshen ya fi cutarwa a ganina, domin babu ranar da za a ce an ƙwace wa mutum wani abu; lissafin ne kawai yake tsayawa shiru.

Ga misali: ma'aikaciya tana da kwana 24 a shekara, ta ci 15, saura tara. Idan ƙa'idar wurin aikinta ta yarda da tsallakar kwana biyar kawai zuwa ƙarshen Maris, to kwana huɗu za su ƙone ranar 31 ga Disamba matuƙar ba ta ci su ba. Sauran biyar ɗin ma ba su tsira ba tukuna, domin idan ta ɗauki hutu a Fabrairu aka cire daga kason sabuwar shekara, tsofaffin kwanakin za su zauna har wa'adinsu ya cika. Saboda haka wajibi ne ta tambayi sashen kula da ma'aikata waɗanne kwanaki ake fara cirewa, ta kuma rubuta a takardar neman hutu cewa na bara take nufi.

Akwai kuma yanayin da ba laifin ma'aikaci ba ne. Wanda doguwar jinya ko hutun haihuwa ya hana shi cin hutunsa yana da kariya a dokokin ƙasashe da dama. A Birtaniya, mai jinya yana iya tsallakar da makonni huɗu ya ci su cikin watanni 18. A 2018 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa hutu ba ya ƙonewa da kansa sai idan mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci damar cinsa, ya kuma sanar da shi a fili cewa zai rasa shi. Ko a inda babu irin wannan hukunci, hujja tana da amfani ƙwarai. Idan shugaba ya ce, "Ka bari sai an gama wannan aikin," a roƙe shi cikin ladabi ya tabbatar da hakan ta imel, tare da adadin kwanakin da aka jinkirta da ranar da za a ci su, domin shugaban yana iya sauya wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma ba zai san da maganar ba.

Kada a dogara da cewa za a mayar da ragowar hutun kuɗi. A Tarayyar Turai ba a yarda a biya kuɗi a madadin makonni huɗun da doka ta tanada ba sai lokacin barin aiki, kuma dokar Najeriya ma haka ta tanada game da kwanakinta. Wanda yake shirin ajiye aiki ya nemi a ba shi adadin kwanakinsa a rubuce kafin ya miƙa takardar murabus, sannan ya kwatanta shi da abin da ya bayyana a takardar albashinsa ta ƙarshe.