Yadda ake gwada ko ƙwayar cuta ta bijire wa magani

Hanyar da masana Bauer da Kirby suka wallafa a 1966 ita ɗakunan gwaji da yawa ke bi har yau. A zuba Mueller-Hinton (wani abinci mai daskarewa da ake renon ƙwayoyin cuta a kansa) a faranti, kaurinsa milimita 4. A dama ƙwayar cutar cikin ruwan gishiri har ya kai 0.5 McFarland (ma'aunin gurɓacewar ruwan, mai nuna yawan ƙwayar), a tsoma auduga a ciki a shafa wa farantin kafin minti 15 su wuce, sannan a ɗora ƙananan faifan takarda masu ɗauke da maganin. A ajiye a zafin digiri 35 na Celsius, awa 16 zuwa 18.

Sai a auna faɗin da'irar da ke kewaye da kowane faifai inda ƙwayar ba ta tsiro ba, a duba jadawalin CLSI (cibiyar da ke tsara ƙa'idojin ɗakunan gwaji) don sanin ko ƙwayar ta bijire. A nan ake yawan tuntuɓe: in Mueller-Hinton ya yi kauri, ko ƙwayar ta yi yawa, da'irar takan tsuke, a zaci magani ya daina aiki alhali ƙarfinsa na nan.