Yadda Ake Koyon Azuzuwan Kalmomi a Nahawun Turanci

Yawancin littattafan nahawun Turanci suna kasa kalmomi gida takwas: suna, wakilin suna, aikatau, sifa, bayanau, mahaɗi, kalmar motsin rai, da ƙananan kalmomin nan masu nuna wuri ko lokaci da ake kira "preposition". Wasu littattafan zamani kuma suna ware irin su "a", "the" da "this" a aji na tara. Haddace jerin abu ne na yini guda, amma ba zai kai ɗalibi ko'ina ba, domin aikin da kalma take yi a cikin jimla shi ne yake tabbatar da ajinta.

Da farko a nemo aikatau, don shi ne ƙashin bayan jimla. A ɗauki gajeriyar jimla kamar "The boys play outside", a sa mata "yesterday" a gaba, sannan a duba kalmar da dole ta sauya. "Play" za ta koma "played", to ita ce aikatau. Mai jin Hausa yana bukatar natsuwa a nan, saboda a harshenmu lokaci yana bayyana ne a kalmar da ta gabaci aikatau, kamar "ya tafi" da "zai tafi", alhali a Turanci aikatau kansa yakan sauya kama, "go" ta zama "went". Kada kuma a manta cewa "is", "are" da "was" aikatau ne, ko da yake babu wani motsi a cikinsu.

Daga nan sai a tambayi aikatau: wa ya yi, me aka yi wa? Amsar takan kai mutum ga suna ko wakilinsa. Idan ana shakka, a gwada sa "the" a gaban kalmar ko a mayar da ita jam'i.

Mataki na uku shi ne rarrabe sifa da bayanau, kuma a ganina nan ne ya kamata a fi daɗewa. Sifa tana bayyana suna, bayanau kuwa yana bayyana aikatau ko sifa ko wani bayanau. Sifar Turanci ba ruwanta da jinsi ko adadi. Mu muna cewa farin doki, farar riga, fararen dawaki, su kuwa "white" ce kawai a duka ukun. Ana yawan koya wa yara cewa duk kalmar da ta ƙare da "ly" bayanau ce, wannan kuwa ƙa'ida ce mai rauni. "Quickly" bayanau ce, amma "friendly" da "lovely" sifa ne. Abin dubawa shi ne kalmar da take wa hidima.

Bayan haka a gwada kalma ɗaya a wurare daban-daban. A rubuta "a fast car", a ƙarƙashinta "he runs fast", sannan "they fast every year". A ta farko "fast" sifa ce, a ta biyu bayanau, a ta uku kuma aikatau mai ma'anar yin azumi. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa a shafi guda ba zai ƙara tambayar ajin kalma ba tare da ya nemi jimlarta ba.

Mahaɗi kamar "and", "but" da "because", da kalmomin motsin rai irin su "oh", ba su da wahalar ganewa. "In", "on" da "at" ne suke ba da ciwon kai, tun da sau da yawa "a" ɗinmu guda take ɗauke dukkansu. Gara a koye su tare da abokan tafiyarsu: "at seven", "on Monday", "in 2020".

Abin da ya rage shi ne gwaji kullum. A kwafi jimla biyar daga jarida ko littafin karatu, a ja layi ƙarƙashin aikatau, a kewaye sunaye, sannan a rubuta ajin sauran kalmomin a samansu da fensir. Duk inda aka kakare a buɗe ƙamus, inda za a tarar da alamomi kamar n. (suna), v. (aikatau), adj. (sifa) da adv. (bayanau) kusa da kalmar, a zaɓi wadda misalinta ya yi daidai da jimlar da ke hannu.