Yadda na gyara sanarwar manoman albasa

Alhamdu lillahi, sanarwar ta fita. A Tawa na rubuta ta a Word, manhajar rubutu ta kwamfuta, domin manoman Galmi, amma duk inda na sa "ƙasa" sai in tarar da "kasa", ga jajayen layuka ko'ina. Na canza fasalin baƙaƙe, na gwada manhajar gyaran rubutu, ba abin da ya sauya.

Ashe harshen da Word ke duba kurakurai da shi Faransanci ne. Na zaɓi dukkan rubutun, na shiga sashen Révision, na danna Langue, wato harshe, na kashe duba kurakurai, sannan na sa allon madannai na Hausa mai ɓ, ɗ, ƙ, ƴ.

Saura kuwa kawuna, tsohon malamin makaranta, ya kama. Ya karanta da ƙarfi ya ce, "Ɗana, manomi zai shirya ƙasa ne ko kasa a kasuwa?" Wuri bakwai ya gyara da biro. Na gode, Kawu.